Baƙin wuyan mai alkaki: lamarin wata Hajiya a Damagaram da makarɓai ruwa-biyu

Cikin watan Maris, zafi ya fara kankama, wata Hajiya mai shekara 46 ta shigo ɗakin da nake duba marasa lafiya, babbar ɗiyarta na biye da ita. A Birni take zaune. Sana'arta alkaki, wadda ta gada wurin mahaifiyarta, kuma masu biki da matafiya ne ke kwashe kayanta kwano-kwano. Bayan mun gaisa ta janye lulluɓi, ta sunkuyar da kai, ta nuna mini bayan wuyanta.

"Ɗiyata, dubi abin da ya hana ni sakewa. Saura wata uku bikin yarinyar nan, ga wuyana kamar gindin tukunya. Na cuɗa da soso, na cuɗa da sabulun salo, na sa lemun tsami da toka, kamar ƙara shi nake yi."

Da yardarta nake rubuta wannan, na kuma sakaya sunanta da duk abin da zai sa a gane ta.

Fatar ta yi baƙi ta yi kauri, in an shafa sai a ji laushi kamar karan-miski, ga layuka-layuka bisa lanƙwasar wuyan. Haka hammata, haka matsematsi, haka bayan gaɓoɓin yatsu. A gefen wuya akwai ƴan tsiron fata ƙanana suna reto. Likitoci na kiran wannan baƙi akantosis nigirikans, kuma galibi alama ce ta yawan insulin a jini, wato sinadarin da ke shigar da sukari daga jini zuwa sassan jiki. Ta ce ya kai shekara shida yana yaɗuwa a hankali, tare da jikin da ta riƙa ajiyewa. Wannan amsa ta kwantar mini da hankali ta fuska guda, domin irinsa da ke faɗo wa mutum kwatsam cikin ƴan watanni, musamman babba da ke ramewa, wani lokaci sankarar tumbi ce ke bayansa. Nata ba haka ya zo ba.

Sau biyu cikin shekara uku an taɓa auna mata sukari a wani wuri, aka ce jininta lafiya lau, ta je ta nemi sabulu mai kyau. Ɗiyar ce ta faɗi abin da uwar ta kasa faɗa: magana ta fara fitowa daga dangin ango cewa wai mai abincin sayarwa ce amma ba ta wanke wuya. Saboda wannan gori wata maƙwabciya ta kawo mata man bilicin irin na tebur, ta yi wata biyu tana laftawa. Da aka kawo mini kwalin sai na ga kulobetazol ne a ciki, ɗaya daga cikin mafi ƙarfin magungunan kotizon na shafawa. Yana sirantar da fata, kuma in an daɗe ana shafa shi a wuri mai faɗi yana ratsawa cikin jini ya ɗaga sukari.

Mahaifiyarta da ciwon sukari ta rasu, da gyambo a ƙafa. Cikin haihuwarta bakwai, biyu na ƙarshe sun haura kilo 4. Da can ita ke surfe da daka, ita ke ɗebo ruwa. Yanzu inji ke niƙa, yara ke ɗebowa, kabu-kabu ke kai ta kasuwar Dole ya maido ta. Wuninta a zaune yake gaban kasko, tana ɗanɗana ruwan sukarin da ake tsoma alkaki ko ya yi daidai. Fura da sukari da hantsi, lemun kwalba in zafi ya tsananta, shayi in Alhaji ya aiko daga fada.

Tsawonta mita 1.62, nauyinta kilo 93, ƙugunta santimita 108. Tansiyo, wato awon hawan jini, 15/9, kuma da muka sake aunawa wata rana haka muka samu. Sukarin safe, kafin ta ci komai, giram 1.12 a lita. Sai ya kai 1.26 ake cewa ciwon sukari ne, saboda haka ba ta shiga ba tukuna, amma ta wuce lafiyayyen mizani. Awon da ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku ya ba da kashi 6.1 cikin 100, iyakar ciwon kuwa 6.5 ce. Ƙodarta lafiya.

Da ta je Yamai wurin ɗanta sayen kayan ɗaki, na ba ta takarda ta auna insulin ɗin da ke cikin jininta da safe. Ya fito 24. Akwai lissafin da masana na Okisfod suka fitar a 1985 mai suna HOMA: a ninka insulin da sukari a ma'aunin milimol, a raba da 22.5. Sukarinta na giram 1.12 milimol 6.2 ke nan, don haka nata ya ba da 6.6. Siririn mutum mai lafiya yakan tsaya kusa da 1, abin da ya haura 2.5 ko 3 kuwa galibi ana ɗaukarsa jiki ya fara taurin kai ga insulin. Ma'ana, sukarin da aka riƙa ce mata yana lafiya, da ƙyar ake riƙe da shi, da ambaliyar insulin.

A nan tambayar da ta sa na zauna rubutun nan ta taso. In jikinta ya daina jin insulin, me ya sa fatar wuyanta ke jinsa har tana kauri?

Yadda ƙwayar jiki ke amsa sallama

Insulin daga fankiriyas yake fitowa, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi. A Toronto ta Kanada aka fara tace shi a 1921. In an ci abinci sai ya bi jini yana sallama a ƙofar ƙwayoyin jiki, wato ƙananan ɗakunan halitta da aka gina jiki da su. Mai amsa sallamar wani furotin ne da ke tsaye a bangon ƙwayar, kansa a waje, ƙafarsa a ciki; shi nake kira makarɓi. Da insulin ya kama kansa, ƙafar ta motsa, saƙo ya bi hannu-hannu zuwa ciki, sai a fito da wasu ƙananan kafofi masu suna GLUT4 a jera a bango, sukari ya shige. Kusan kashi 80 cikin 100 na sukarin da insulin ke kwashewa daga jini, tsoka ce ke shanye shi. Don haka in tsoka ta yi kunnen ƙashi, jiki duka ya shiga uku.

Insulin yana da ɗan'uwa, sinadarin girma da ake taƙaita sunansa IGF-1. Hanta ce ke yin mafi yawansa, aikinsa kuwa sa ƙwayoyi su hayayyafa su girma. Shi ma yana da makarɓinsa, kuma makarɓan biyu kamar an tsaga kara. Umarnin gina makarɓin insulin yana kan kuromosom na 19, wato ɗaya daga cikin ƙunshin gadon halitta da ke cikin ƙwaya, na IGF-1 yana kan na 15. An karanta tsarin na farko a 1985, na biyu a 1986. Fiye da rabin tubalansu iri ɗaya ne, a ɓangaren ciki mai tura saƙo kuwa kamar ta haura kashi 80 cikin 100.

Kowane makarɓi kamar goro yake, ɓari biyu ne aka haɗa. Ƙwaya tana ƙera ɓari-ɓari daban, sannan ta manne su bibbiyu. Saboda tsananin kamar nan, wurin haɗin ba ya tantancewa: ɓarin insulin na iya mannewa da ɓarin IGF-1, a samu makarɓi ruwa-biyu. A 1989 Maria Soos da Kenneth Siddle na Jami'ar Kambirij a Ingila suka nuna akwai irinsu a mabiyiyar ɗan Adam, a shekarar kuma wasu masana a Amurka suka ga haka a nasu ɗakin gwaji. A 1993 mutanen Kambirij suka tace ruwa-biyun su kaɗai suka gwada, sai suka tarar suna cafke IGF-1 da ƙarfi, insulin kuwa riƙon sakainar kashi suke yi masa. Wato ɓarin insulin da ya faɗa cikin wannan haɗi ya zama kamar an yi asararsa ga aikin sukari. Yana nan a bango, amma sai insulin ya ɗaga murya sosai kafin a amsa masa. A 1997 suka ƙara nuna cewa ruwa-biyun sun bazu a sassan jiki da yawa, kuma yawansu ya dace da haɗin da ake yi ido rufe.

Wannan haɗi na ido rufe yana da lissafi, kuma lissafin ne ya fi ɗaukar hankalina. A zuba ɓarin farin goro 80 da na jan goro 20 cikin ƙwarya, a sa yaro ya riƙa zaro bibbiyu ba tare da ya duba ba. Cikin goro 50 da zai haɗa, kusan 32 za su fito farare tas, 16 ruwa-biyu, 2 jajaye. To a rage fararen ɓari zuwa 40, a bar jajayen yadda suke. Yanzu cikin goro 30, farare tas kusan 13 ne kawai, ruwa-biyu su ma 13, jajaye 3. Rabi aka rage, amma cikakkun farare sun faɗo daga 32 zuwa 13, fiye da rabi ke nan, domin jajayen ɓari suna ci gaba da kwashe rabonsu daga ɗan abin da ya saura. Ruwa-biyu da suke kashi ɗaya cikin uku sun kusa zama rabi.

Me zai rage fararen ɓari a jikin mutum? Insulin da kansa. Tun shekarun 1970 aka san cewa in ya yi yawa a jini dare da rana, ƙwayoyi sukan haɗiye makarɓansa su narkar da su, kamar maigidan da masu sallama suka dama ya janye yaran zaure. A Roma ta Italiya, Massimo Federici da Giorgio Sesti da abokan aikinsu sun ɗebi ƴar tsoka daga jikin mutane sun ƙirga. A 1996 suka ba da rahoton cewa ruwa-biyu sun fi yawa a tsokar masu ciwon sukari nau'i na 2, kuma gwargwadon yawansu gwargwadon raunin jin insulin. Daga baya suka ga haka a kitsen masu ciwon, da tsokar masu ƙiba. Wanda ya fi gamsar da ni shi ne na 1998, kan masu wani ƙari a fankiriyas da ke zubo insulin ba ƙaƙƙautawa. Su ba taurin jiki ne ya fara zo musu ba, yawan insulin ne ya fara, amma duk da haka ruwa-biyu sun ƙaru a tsokarsu. Ke nan abin zagaye yake yi: tsoka ta rage ji, fankiriyas ya ƙara zubowa, ƙarin ya rage cikakkun makarɓai, tsoka ta sake rage ji.

Abin da aka gani a jikin mutane tafiya tare ce, yawan wannan na bin raunin wancan. A ɓeraye ne aka iya sa hannu a juya abin a ga sakamako. A 2001 ɗakin gwajin Derek LeRoith a Amurka ya samar da ɓeraye masu gurgun ɓarin IGF-1 a tsoka kaɗai. Gurgun ɓarin ya riƙa mannewa da lafiyayyun ɓarin insulin yana kashe musu aiki, ɓerayen suka kamu da ciwon sukari. A 2011 kuma masana na Lids a Ingila, ƙarƙashin Mark Kearney, suka rage makarɓan IGF-1 a ɓeraye, sai ruwa-biyu suka ragu, shimfiɗar cikin jijiyoyin jini ta ƙara jin insulin, ta ƙara fitar da naitirik okisayid, sinadarin da ke sa jijiya ta saki ta buɗe. Da na karanta wannan, tansiyon Hajiya na 15/9 ne ya faɗo mini a rai.

Sassan jiki ba su zama ɗaya ba a wannan sha'ani. Ƙwayoyin hantar babban mutum ba su da makarɓan IGF-1 sai ƙalilan, don haka kusan duk nasu farare ne tas. Taurin hanta ga insulin daga wani wuri yake zuwa, galibi kitsen da ya taru a cikinta. Cikakkiyar ƙwayar kitse ita ma na insulin sun fi yawa a jikinta. Tsoka tana da iri biyun. Shimfiɗar jijiyoyi da ƙwayoyin fata kuwa jajayen ɓari ne suka yi musu yawa. Insulin a mizaninsa na lafiya ba ya iya tayar da makarɓin IGF-1, ƙarfin riƙonsa a can ya gaza na mai wurin sau ɗari ko fiye. Amma in ya yi ambaliya shekara da shekaru, sai ya fara kama su, da su da ruwa-biyun. Saƙon da ke fitowa daga wannan ƙofa kuwa na girma ne. Ƙwayoyin fata su hayayyafa, fata ta yi kauri ta nannaɗe, ido ya gan ta baƙa. Ƴan tsiron nan ma daga nan suke. Sallamar da aka ɗaga murya domin tsoka ta ji, maƙwabta ne suka amsa.

Ba na son a ɗora wa ruwa-biyu laifin da ya fi ƙarfinsu. Babban kason taurin jiki ga insulin a cikin ƙwaya yake faruwa, bayan an riga an amsa sallama, inda ɓurɓushin kitse ke tare hanyar saƙon. Ruwa-biyu ƙari ne a kan wannan, ƙari mai nauyi a wasu sassa, mara nauyi a wasu. Ƙirga su kuma sai an yanko tsoka an kai ɗakin bincike. Ba awo ne da ake rubuta wa mara lafiya ba, ko a nan ko a Faransa, kuma ban ga dalilin da zai sa a tsaga cinyar Hajiya don a tabbatar mini da abin da wuyanta da jininta suka riga suka nuna ba. Babu kuma ƙwayar magani a farmasi da ke raba wannan haɗi. Abin da hannunmu ke iya kaiwa shi ne yawan insulin ɗin da ke ciyar da zagayen.

Abin da muka yi

Na fara da abin da ya fi ci mata rai. Na ce, "Hajiya, wannan ba dauɗa ba ce. Ko da ruwan Zamzam kika cuɗa ba zai fita ba, daga ciki yake. Ki bar soso ya huta." Ta yi shiru, sannan ta juya ta kalli ɗiyarta ta ce, "Kin ji ko? Ki je ki faɗa musu." Man bilicin muka janye shi a hankali cikin ƴan makonni.

Na ba ta maganin hawan jini, na kuma sa ta kan metformin, miligiram 500 tare da abincin dare, da niyyar ƙarawa sannu a hankali. Metformin yana rage sukarin da hanta ke zubowa cikin jini, sai buƙatar insulin ta ragu. Makon farko ya ɓata mata ciki har ta ajiye shi kwana goma ba ta faɗa mini ba. Muka sake farawa daga rabin ƙwaya, a tsakiyar cin abinci, ya zauna.

Amma na faɗa mata gaskiya cewa ƙafarta ta fi ƙwayar ƙarfi. Babban gwajin da aka yi a Amurka kan mutane masu irin matsayinta, wanda aka fitar a 2002, ya nuna metformin ya rage faɗawa ciwon sukari da kashi 31 cikin 100, rage nauyi da motsa jiki kuwa da kashi 58. Abin da aka nema daga gare su bai wuce rage kashi 7 cikin 100 na nauyi da tafiyar minti 150 a mako ba. Dalilin yana da daɗin ji: tsokar da ke aiki tana fito da kafofin GLUT4 da kanta, ba ta jiran sallamar insulin. Ko makarɓan bangonta farare ne ko ruwa-biyu, sukari zai shiga.

Nan aka samu cikas. Alhaji ya zo da kansa, cikin mutunci, ya ce, "Likita, mace mai shekarunta, mai surukai, ta riƙa zagaya gari da asuba kamar soja? A yi mana wata dabara." Ban ga laifinsa ba, ya san garinsa. Muka zauna mu uku muka duba inda tafiya take a cikin rayuwarta tun asali. Zuwa kasuwa da ƙafa da sanyin safiya, dawowa da kaya bisa kabu-kabu. Islamiyyar matan aure da yamma, da ƙafa, ita da maƙwabciyarta. Turmi ya dawo tsakar gida kwana biyu a mako. Fura ta zauna, sukarinta ya tafi. Lemun kwalba ya tafi ɗungurungum. Tuwon hatsi aka rage malmala aka ƙara miya, kwaɗon zogale da wake suka samu wuri da rana. Alkaki kuwa abincin gidan ne da kuɗin makarantar yara, ba wanda zai ce ta bari. Na ba da shawara ɗanɗanon ruwan sukarin ya koma hannun autarta mai shekara 15, wadda dama ita ke taya ta suya.

Watan biki komai ya rushe. Ta dawo da ƙarin kilo biyu, tana jin kunya. Bayan nan kuma, da nauyin ya fara sauka, sai ƙawaye suka sa ta gaba da tambaya: "Hajiya, lafiya kuwa kike ramewa? Ko Alhaji ne zai ƙara aure?" A wurinmu jiki alamar hutu ne da wadata, kuma na lura wannan magana ta fi yunwa karya wa mata gwiwa. Ita dai ta samo amsarta, ta riƙa ce musu, "Gyambon Inna nake gudu." Duk wanda ya san mahaifiyarta ba ya ƙara tambaya.

A watan Nuwamba, wata takwas da zuwanta na farko, nauyinta kilo 86, ƙugu santimita 100, tansiyo 13/8, sukarin safe giram 0.99. Ba mu sake auna insulin ba, kuɗin da tafiyar ba su taso ba. Wuyan ya yi haske ya rage kauri, amma bai koma yadda yake a da ba, kuma na faɗa mata mai yiwuwa inuwarsa ta zauna. Ƴan tsiron suna nan. Ta ce yanzu tana iya sa sarƙa ba tare da ta ja mayafi ta rufe ba.

A wannan zuwan autar ce ta rako ta. Tana sunkuye tana ɗaure wa uwar takalmi, hijabinta ya zame, na hango wani siririn layi mai duhu a lanƙwasar wuyanta. Na kira ta na shafa, na ji laushin nan. Shekarun balaga dama lokaci ne da sinadaran girma ke tashi, jin insulin ya ragu na ɗan wani zamani ko ga yaro mai lafiya. Amma yarinyar ta ajiye jiki, kakarta da uwarta ga tarihinsu, kuma ni ce da bakina na miƙa mata cokalin ruwan sukari wata takwas da suka wuce ban ɗaga hijabinta na duba ba. Na faɗa wa Hajiya haka, na ce a nemi wata hanyar gane ruwan ya yi, ko da ɗiga shi ne tsakanin yatsu a ga yadda yake ja.

Na rubuta wa yarinyar takardar awon safe, na ce ta zo ba ta karya ba.

"Ban da Alhamis, ɗiyata," in ji Hajiya, "ranar kasuwa ce."

Muka tsayar da Asabar.